Ƙarfen da Ba Ya Yin Ja

Ni Ari, duk Gaya an san ni da baki. Tun ina yaro ba a taka ni in yi shiru. A yaƙin Bama, wato Burma, zamanin Turawa, na taɓa zagin saje a gaban mutane, na sha horo na kwana bakwai, na fito na ƙara masa. Amma rana ɗaya tak da bakin nan zai yi mini amfani, ranar ya mutu murus.

A soja na koyi tuƙi. Da muka dawo na je Kano aka gwada ni, aka ba ni lasin, ɗan littafi da hotona a ciki. A wancan lokaci, daga Gaya har Ajingi, masu irin wannan littafi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Kakannina daga Barno suka zo da jakuna da kanwa, ubana kuwa ya tsufa ya mutu da fartanya a kafaɗa. Ni na rantse na yi sallama da fartanya har abada. Littafin nan shi ne gonata, shi ne rumbuna, da shi na yi aure.

Wani Baturen gona nake wa aiki, wanda muke kira Mai Lofe saboda tukunyar taba ba ta barin bakinsa. Shi yake riƙe da lasin ɗina a akwatin ofishinsa, wai don kada 'yan kasuwar gyaɗa su yaudare ni in gudu in bi motocinsu. Mota biyu gare shi. Akwai kitika, ƙaramar motar ɗaukar kaya ta aiki, ni nake tuƙa ta. Sai kuma tasa ta kansa, wata ja jawur, kujera biyu, ba rufi, hanci dogo, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Motar da ko buhun gero ɗaya ba za ta ɗauka ba! Ba ta san komai ba sai gudu. Wannan ba ya barin kowa ya riƙe sitiyarinta. Nawa wanki da goge-goge, in zai fita kuma in zauna a gefensa ina salati.

Ranar da abin ya faru farkon damina ne, an kwana ana ruwa. Ya ce mu je Ajingi ya duba gonar gwaji. Na ce masa, "Sa, hanya ta jiƙe, mu ɗauki kitika." Ya busa mini hayaƙi, ya shiga jar. Tun daga bayan gari yake taka ta kamar wanda aka biyo. Muna dab da shiga Ajingi, a wata kwana, sai ga amalanken shanu na wani Bafulatani Bubayero, ya ɗebo taki. Mai Lofe ya taka birki, mota ta zame a taɓo, ji kake gau! Taki ya watse mana a jiki. Kuma wa ya kawo amalanken ƙasar nan, ya bi ƙauye-ƙauye yana cewa a saya? Shi ɗin ne dai.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni, ko sa ɗaya bai karye ba. Amma mota ta sha kashi. Fitila ɗaya ta tarwatse, lagireto, ma'ajin ruwan inji, ya fashe yana tsiyaya, murfin inji kuwa ya lotse ya tattare kamar tsohuwar tasa. Mai Lofe ya tsaya yana shafa ta, idonsa ya kawo ruwa. Bubayero da amalankensa ya rabu biyu, ko kallonsa bai yi ba.

A nan bakin hanya muka yi shawarar inda za a kai ta. Ya ce kamfanin Turawa na Kano. Na ce masa can sai sun rubuta Ingila an aiko da sabon murfi ta jirgin ruwa, damina ta wuce, kaka ta wuce, yana jira. Na tuna masa da Dada, wani mutumin Ikko mai bugun jikin mota a Sabon Gari. Bara da reshen mangwaro ya faɗo wa ƙofar motar, wurinsa na kai ta. Wuni guda na zauna ina kallonsa. Ba ya sa ƙarfi. Jakar yashi yake tarawa ta baya, ya riƙa bin wurin da 'yar gudumar katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ya koma sumul. A ranar ne ya ja kunnena, ya ce, "Direba, jikin motar nan ba baƙin ƙarfe ba ne. Sanholama ce, farin ƙarfen nan marar nauyi da ake yin jirgin sama da shi. Ba ta yin ja a wuta. Kana zaune kana jiran ta yi ja, sai dai ka ga ta zama ruwa."

Mai Lofe ya yarda. Ya nuna ni da bakin lofensa, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Dada kawai. Wani ya taɓa, kai ka gama." Ya ari dokin dagaci ya koma Gaya, daga can zai tuƙa kitika da kansa ya yi rangadin kwana goma a Kademi da Balan. Ni kuma in tsare mota har babbar motar da za ta ɗauke ta zuwa Kano ta zo, nan da kwana huɗu.

To ina zan ajiye ta? A bakin hanya, kafin magariba an kwance tayoyi. Gida ɗaya na sani a Ajingi da ba mai kusantar ƙofarsa da mugun nufi, gidan Sarkin Maƙera. Kuma shi ne mahaifin matata Hanne. A lokacin ma tana can, ta je wankan jegon ɗanmu na fari. Na tara mutane aka tura mota har ƙofar gidan, aka lulluɓe ta da tabarmi. Wallahi da na san abin da zai biyo baya, da a rijiya na tura ta.

Ku da kuka taso yanzu ba ku san surukuta ba. Tun da na auri Hanne ban taɓa haɗa ido da tsohon nan ba. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba za ku ji shi a bakina yau ba. In na hango shi, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in tsuguna. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma kaina a ƙasa. Shi ma bai taɓa kiran nawa ba, sai dai ya ce "mutumin Gaya". In akwai magana, ta bakin Hanne take bi, ko ta bakin wanta Ɗantani, wanda yake masa zuga a maƙera.

Kwana ɗaya da ajiye mota, na je zaure ganin jariri, Hanne ta fito tana kame-kame.

"Malam, Baba ya ce a tambayi mutumin Gaya, ko ya ji labarin gudumar gidan nan ta ɓata ne."

Na ce, "Wace guduma kuma?"

"Ya ce an kawo ƙarfe an ajiye masa a ƙofa, sannan ya ji wai za a ɗauka a kai wa baƙo a Sabon Gari."

Na ce, "Ke Hanne, motar Bature ce! Ba garma ba ce, ba ƙofar rumbu ba ce. Ki ba shi haƙuri."

Ta tafi da haƙuri, haƙuri bai karɓu ba. Kafin la'asar duk Ajingi ta ɗauka. A bakin masallaci, a wurin mahauta, magana ɗaya ce: shekara arba'in Sarkin Maƙera yana sarrafa ƙarfe, ga shi surukinsa na cikin gida ma bai yarda da hannunsa ba. Munafukan banza! Mutanen da ko keke ba su taɓa hawa ba, kowa ya zama masanin mota. Wani har tare ni ya yi a hanya, ya ce, "Malam Ari, ashe boko ya kai ka raina iyaye?" Na ce masa abin da ba zan maimaita a nan ba.

Kashegari Hanne ta fito da ido a kumbure. Baba ya ƙi cin tuwo. Innarta ta ce in aka ɗauke motar nan daga ƙofar gidan ba a bar shi ya taɓa ba, ba zai ƙara iya zama a cikin maƙera 'yan'uwansa ba. Ta durƙusa da jariri a hannu, ta ce, "Don Allah, don Annabi, Malam, ko murfin nan kaɗai ka bar masa. In ya miƙe shi, ai ka rage wa na Kano aiki."

Na yi ta juya abin a raina. Na ce to, bugu ne dai. Ko bai yi kyau ba, Dada zai gyara, Bature ba zai sani ba. Da hannuna, da sifanata, na kwance murfin injin. Na ja Ɗantani gefe, na riƙe masa hannu.

"Ɗantani, ka ji ni da kyau. Ka gaya wa Baba a sanyi ake bugun wannan. Kada a kai shi wuta. Narkewa yake yi."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya. "Direba ne zai koya wa maƙeri wuta?"

"Ba koyarwa ba ce, saƙo ne. Ka gaya masa."

"To, na ji."

Bai gaya masa ba. Daga baya ya ce wai shi ina ya ga fuskar da zai tsaya gaban Baba ya ce akwai ƙarfen da ya fi ƙarfin wutarsa. Shi ya ji kunya, ni na biya.

Da hantsi aka fito da murfi. Maƙerar wata rumfa ce a gefen gida, amma ranar ba masaka tsinke, har kan katanga mutane. Na tuɓe takalmi, na tsuguna can bakin rumfa inda ya dace da ni. Tsoho ya ɗaga murfin da hannu ɗaya, ya jinjina, ya ce, "Wannan ne abin da ake ta kururutawa? Ai ko faifai ya fi shi nauyi." Aka kwashe da dariya. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya saurara. Sai na ga ya yi wa Ɗantani nuni da haɓa wajen zugazugi.

Na kafa wa Ɗantani ido, ya kau da kai. Ya zuba gawayin ƙirya, ya zauna, ya fara zuga. Mutum biyu suka kama murfi da awartaki, suka ɗora daidai lotsewar a kan wuta.

Jan fenti ya fara tafasa, ya yi baƙi, ya tashi da wari. Ƙarfen ya fito fari tas. Tsoho yana zaune da guduma a cinya, yana jira. Abin da ubansa ya koya masa ke nan, shi ma abin da nasa uban ya koya masa: ba a ɗaga guduma sai ƙarfe ya yi ja. Ba laifinsa ba ne, duk ƙarfen da ya taɓa riƙewa a duniya haka yake.

Ya ce, "Bai nuna ba. Ƙara zuga."

Ni na sani. Duk taron nan ni kaɗai na sani. Kalma uku ce, "Baba, a sauke!" Na buɗe baki. Ina jin maganar a maƙogwarona, ta taso har kan harshe. Sai na dubi furfurarsa, na dubi jama'ar da ke kallonsa, na tuna ni suruki ne, a maƙerarsa, a gaban garinsa. In na ɗaga murya a nan, na tuɓe masa rawani a bainar jama'a. Na yi gyaran murya. Abin da na iya ke nan, ni Ari da na zagi saje! Gyaran murya, kamar mai neman izinin shiga gida.

Ba wanda ya ji. Tsoho ya ce, "Taurin kai gare shi. Zuga, Ɗantani!"

Na ga tsakiyar murfin ta yi wani sheƙi, ta yi laushi, ta ɗan lotsa ƙasa. Kafin ƙiftawar ido ta ɓurme. Rami ya buɗe wanda kan mutum zai shiga, farin ruwa ya zuba cikin gawayi yana tsuwa. Masu awartaki suka ja da sauri, abin ya rabe musu biyu a hannu.

Ɗantani ya saki zugazugi. Tsoho ya daɗe yana kallon ramin, gudumarsa ko ɗaga ta bai yi ba. Can ya ce a hankali, "Bai yi ja ba." Ya sake cewa, "Ai bai yi ja ba." Ya tashi ya shiga gida. 'Yan kallo suka zame ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ce na raina iyaye. Ko sannu ba wanda ya ce mini.

Na bi mota Kano duk da haka, da gutsattsarin murfi a buhu. Dada ya zazzage su a ƙasa, ya riƙe baki. Ya ce, "Direba, ban gaya maka ba?" Na ce ka gaya mini. Ya ce lagireto da fitila zai gyara, amma wannan sai dai Ingila. Da an kawo masa yadda yake, kwana uku ya ishe shi. Kwana uku!

Ranar da Mai Lofe ya dawo daga rangadi, na same shi a ofishinsa na Gaya, na ajiye masa buhun a gaba. Ya duba ciki. Fuskarsa ta yi jan da ƙarfen ya ƙi yi.

"Wane ne ya yi wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Wane ne? Zan kira 'yan doka. Zai tafi gidan yari. Faɗa mini suna!"

Suna. Sunan da shekara uku ban furta ba ko a cikin ɗakina, shi zan furta wa Bature don a ɗaure tsoho mai shekara saba'in da igiya, a bi da shi ta kasuwar Ajingi? Kakan ɗana? Na ce, "Ni ne, Sa. Na hura gawayi na sa shi, ina so in gyara da kaina."

Ya zage ni da Turanci, ya zage ni da Hausa. Ya ce jaki ne ni, ya ce baƙin mutum ba ya riƙe amana. To a nan ne fa bakin da ya mutu a Ajingi ya farfaɗo a Gaya. Na miƙe tsaye. Na ce masa wa ya buga motar, ni ko shi? Wa ya ce a ɗauki kitika aka busa masa hayaƙi? Na ce ka farfasa wa talaka amalanke ka tsaya kana yi wa ƙarfe kuka, ba ka ji kunya ba? Na ce na tuƙa manyan motoci a dajin Bama ana ruwan harsashi saboda sarkinku, lokacin kai kana ina? Har masinja ya leƙo ya koma.

Ya buɗe akwati, ya ɗauko littafina, ya zauna ya rubuta wasiƙa doguwa zuwa ofishin lasin na Kano, ya haɗa su a ambulan ya liƙe. Ina tsaye ina kallo. Ya ce, "Ba za ka sake tuƙa mota a ƙasar nan ba."

Kuma ban sake ba. Sau uku ina zuwa Kano neman littafin nan, daga wannan tebur a tura ni wancan, a ce in dawo wata mai zuwa. 'Yan kasuwar gyaɗa da suke bina da can, da suka ji akwai wasiƙar Bature a kaina, ko gaisuwata suka daina amsawa da kyau. Shi kuwa bayan wata biyar sabon murfi ya iso masa, na gan shi da idona ya wuce ta gaban gidanmu a guje, ya watsa wa kajina ƙasa.

Daga Ajingi ba a ce komai ba. Ba a aiko a ce an gode ba, ba a aiko a ce yi haƙuri ba. Suruki ba ya ba suruki haƙuri, da wane baki? Na ci gaba da zuwa gaisuwa, in tuɓe takalmi, in tsuguna, ya amsa yana kallon wani wuri. Maganar mota ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba har ya koma ga Allah.

Sai dai da damina ta zagayo, Hanne ta je gida ta dawo da wani abu naɗe a tsumma. Ta ajiye a gabana, ta ja da baya, don ta san halina.

"Baba ya ce a kawo wa mutumin Gaya. Ya ce kwana shida ya yi a kanta, bai bar Ɗantani ya taɓa ba."

Na kwance. Fartanya ce. Baƙin ƙarfe, an buge shi har yana ɗaukar ido, ƙota ta ƙirya an goge ta sumul, daidai tsawon hannuna. Ban san lokacin da ya auna hannuna ba, mutumin da bai taɓa dubana ba.

Na ɗauke ta na yi jifa da ita, ta bugi katanga ta faɗi. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka shigo. Hanne ta goya yaro ta shiga ɗaki. Rumbu kuwa ba ko ƙwaya, ga gonar ubana can ciyawa ta cinye. Da gari ya waye na je gindin katanga na ɗauke ta.

Shekara ashirin da shida ke nan ina noma da ita. Na canza mata ƙota sau huɗu, amma bakin nan bai taɓa lanƙwashewa ba, bai taɓa tsagewa ba. Na sha haɗa ta da dutse da gangan ko za ta karye in huta, ta ƙi. Duk Gaya ba fartanya kamarta, kowa ya ara sai ya yaba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.